Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Kasuwannin Kano: A Karrama Zakarun Makarantun Dare

Zuwa ga iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kantin Kwari, Sabon Gari, Singa, Kurmi, Ƙofar Wambai, Ƙofar Ruwa, Dawanau, 'Yankaba da Farm Centre, da duk wani maigida da ke da yara a shago, a gareji ko a wurin ɗinki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya ƙara muku girma, ya kawo kasuwa mai albarka, ya tsare dukiyoyinku daga gobara da ambaliya.

Ni malamin lissafi ne. Da safe ina koyar da yara, da daddare kuma ina koyar da manya a wata makarantar sakandare ta dare a cikin birni, irin wadda ake aron azuzuwan firamare bayan yara sun tashi. Roƙo ne ya kawo ni gabanku, kuma gara na faɗe shi tun yanzu don kada na cinye muku lokacin ciniki. Ina so kowace kasuwa ta ɗauki nauyin karrama ɗaliban da suka yi zarra a makarantun dare, sau ɗaya a shekara, a yi taron a cikin kasuwa a idon jama'a, kuma babbar kyautar ta zama kuɗin rajistar jarrabawar kammala sakandare.

Na san wani zai ce wannan ai maganar gwamnati ce, me ya haɗa ɗan kasuwa da rabon kyaututtukan makaranta? Ranku ya daɗe, ku shigo ajinmu wata rana bayan Magariba ku duba fuskokin da ke kan benci, za ku gane da yawa daga ciki. Ga yaron shagon da ya wuni yana sauke dilar atamfa a Kwari. Ga ɗan dakon da ke tura kura daga Singa zuwa tasha. Ga mai gyaran waya, ga yaron bakanike, ga tela, ga direban adaidaita sahu da ya ajiye mashin tun bai gama haɗa balas ba. Akwai ma'aikata ƙanana, masu gadi da masinjoji da masu sharar asibiti, waɗanda rashin takarda ya tsayar da ƙarin girmansu wuri ɗaya shekara da shekaru. Amma mafi yawan mazan da ke ajin daga hannunku suke fitowa, kuma hannunku suke komawa da safe. Gwamnati tana da nata aikin, ba kuma zan sauke mata shi ba. Sai dai ba ita ke cewa yaro ya rufe shago ƙarfe biyar ko ya tsaya sai an gama lissafin ciniki ba. Wannan a bakin maigida yake.

Ba wanda ya bar makaranta don daɗi. Wani mahaifinsa ne ya rasu yana aji uku, shi ne babba, dole ya fita nema. Wata aure aka yi mata tana tsakiyar karatu. Wani ya yi almajiranci, ya sauke har ya haddace, boko ne bai samu ba sai yanzu da gemu ya fito. Wani kuma ya gama aji shida sarai, Turanci ko lissafi ne ya kayar da shi, ya yi fushi ya ajiye takardun, sai bayan shekara goma ya ga babu makawa. Dukansu sun san abin da suka zo nema. Ban taɓa korar babba daga aji don surutu ba. Abin da nake fama da shi barci ne, kuma ba na ganin laifin mutumin da ya fito gida tun bayan Asuba.

Bari na nuna muku abu ɗaya da idona ke gani. Akwai wani ɗalibina mai walda. Ranar da aka yi aiki da yawa idanunsa jajir suke zuwa saboda hasken wuta, sai ya riƙa kanne su yana kallon allo, hawaye na zuba yana sharewa da bayan hannu. Yatsunsa sun yi kanta har biro ba ya zama daidai a tsakaninsu, yana riƙe shi kamar zai soke takardar. Littafinsa a naɗe yake zuwa a aljihun wando, kowane shafi da tambarin yatsa na baƙin mai. Idan an ɗauke wuta, shi ne farkon wanda zai kunna fitilar waya ya jingina ta da takalminsa a kan tebur. Wannan mutumin shi ya zo na ɗaya a lissafi a ajinsa, kuma ba tausayi na ba shi maki ba. Irin tambayoyin da nake ba 'yan aji shida na safe na ba su, ya tashi da makin da ko a cikin yaran safe ba kowa ke samu ba.

Yanzu ku ji yadda muka karrama shi. Mun haɗa kuɗi a tsakaninmu malamai muka sayo littattafan rubutu da biro da akwatin kayan lissafi. Muka rubuta sunayen zakaru a allo da alli. Shugaban makaranta ya yi jawabi, aka tafa, aka ɗauki hoto da waya, aka yi addu'a, kowa ya yi sauri ya fita neman abin hawa kafin dare ya yi nisa. Ba kowa a wurin sai 'yan ajinsa, waɗanda dama sun san ƙoƙarinsa. Washegari ya koma gareji, inda har yanzu sunansa "ɗan boko" ne, ana faɗa ana dariya, kuma idan ya nemi tashi da wuri sai an yi masa gori. Mutanen da ya kamata su ji labarin ba su ji ba. Shi ya sa nake cewa a fito da taron daga aji a kawo shi kasuwa.

Mu Hausawa ba baƙin karrama mai ilimi ba ne, kuma ku kun fi kowa sani. Yaro ya sauke Alƙur'ani a yanka masa rago, a zaga da shi dangi da allonsa mai zayyana. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta faro a 1986, kowa ya san yadda masu hali ke rige-rigen ba gwarazanta kyauta, daga mota har kujerar Makka. Karatun babba ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawanku har gobe kuna zama a zauren malami bayan Asuba ko tsakanin Magariba da Isha'i kuna ɗaukar karatu, da furfurarku, ba wanda ya ce kun yi girma. Tun a ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan aure da tsofaffi a karkara, kuma jajin da za ta jagoranci mata sai an naɗa ta da malfa, don duk wanda ya gan ta a hanya ya san matsayinta. Wato tun wancan lokacin an gane cewa girmamawar da ake gani da ido tana jawo wasu.

A ɓangaren boko ma haka. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta yi gangamin Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Coomassie na cikin manyan jagororinsa, hukumar NORLA kuma tana buga ƙananan littattafai a Zariya don waɗanda suka fara iya karatu. Iyayen da yawa daga cikinmu a nan suka koyi rubuta sunansu. Sannan a 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, aikin da ya yi amo har UNESCO ta karrama hukumar a 1983. Sai a 1990 gwamnatin tarayya ta kafa tata hukumar ta ƙasa baki ɗaya, wato Kano ta riga ta da shekara goma. Iyayenmu na Sabon Gari, sunan wa ke jikin ƙofar kasuwarku? Sunan Rimin nan ne. Idan ana neman kasuwar da za ta fara, ban ga wadda ta fi ku hujja ba.

To, me ya sa na nace a kan kuɗin jarrabawa, ban ce keken ɗinki ko babur ko buhun shinkafa ba?

Saboda a nan ne muke asarar mafi kyawun ɗalibanmu. Babba da ke makarantar dare yawanci a matsayin ɗan waje, wato wanda ya yi rajista da kansa ba ta hannun makaranta ba, yake zama jarrabawa, wadda mutane ke kira GCE: ko ta WAEC, ko ta NECO da ake yi a ƙarshen shekara, wajen Nuwamba zuwa Disamba, ko ta NABTEB ga masu sana'ar hannu. Abin da ake nema kiredit biyar ne har da Turanci da lissafi, daga A1 zuwa C6. Wanda ya samu D7 a Turanci, komai kyan sauran sakamakonsa, ƙofar jami'a a rufe take gare shi sai ya sake. Kuɗin makarantar dare kaɗan-kaɗan ake biyansa, wata-wata, mutum yana iya matsawa. Kuɗin jarrabawa kuwa dunƙule ɗaya ne, yana da ranar rufewa, wanda ya makara kuma sai ya biya tara a kai. Ga kuɗin kafe inda za a yi rajista a intanet, ga hoto, ga ɗaukar hoton yatsa, ga kuɗin mota na makonnin jarrabawa, ga ranakun da ba zai fita nema ba. Magidanci mai 'ya'ya huɗu, idan kuɗin fom ya haɗu da kuɗin haya ko rashin lafiyar yaro, kun san wanda zai ci. Sai ya ce mini, "Malam, baɗi in Allah ya kai mu." Na ji wannan kalmar daga bakin mutanen da na tabbata da sun zauna da sun ci. Kaɗan ne ke dawowa baɗin, domin karatun da aka ajiye shekara guda sanyi yake yi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara tsanani, don kuɗin zuwa makarantar ma kansa ya zama abin lissafi, wasu sun koma zuwa kwana biyu a mako, wasu a ƙafa.

Keken ɗinki abin alheri ne, amma wanda ya zo na ɗaya a ajin sakandare ba jari ya zo nema a wurinmu ba, yana da sana'arsa. Takarda ya zo nema. Idan kun ba shi babur kun faranta masa na wata guda, yana iya sayarwa ranar da ta ɓaci. Idan kun biya masa fom kun kai shi bakin abin da ya yi shekara uku yana hana idonsa barci a kansa. Kuma kada a ba shi kuɗin a hannu, ba don rashin yarda ba, sai don kada a jefa shi cikin jarrabawar da ta fi ta WAEC wuya, wato ya shiga gida da kuɗi a aljihu alhali tukunya ba ta hau wuta ba. A je da shi a yi rajistar, a miƙa masa takardar shaidar rajista a gaban jama'a. Wanda ya ci kuma yana son wucewa gaba, a ƙara masa da fom ɗin JAMB, ko na karatun wucin gadi a kwalejin ilimi ko kwalejin fasaha, ko na Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda aka tsara musamman don masu aiki. Tsohon shugaban ƙasa Obasanjo a can ya yi digirinsa na uku bayan ya sauka daga mulki, yana da shekara tamanin, don haka ba wanda zai ce wa ɗan shekara talatin da biyar ya makara.

Wani ƙaramin abu da ke cin manya: lambar NIN. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da ita, kuma da yawan ɗalibanmu sunan da ke katinsu daban, wanda ke takardar firamare daban, ranar haihuwa kuwa wadda mai kafe ya ga dama ya rubuta ce. Gyaran nan yana cin kuɗi da kwanaki. Idan ƙungiya ta wakilta mutum ɗaya mai haƙuri ya bi wa zakarunta wannan tun da wuri, ya yi musu rabin aiki.

Yanzu bari na taɓo abin da ake faɗa a bayan ido, tunda ba a son faɗarsa a fili. Maigida yana tsoron idan yaronsa ya yi karatu zai buɗe ido ya tafi, ko ya fara raina shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, wasu za su tafi. Wanda ya samu kiredit ɗinsa ya shiga makarantar koyon aikin jinya ko ya samu aikin ɗamara, ba zai dawo sauke dila ba. Amma, Allah ya ba ku nasara, yaushe aka taɓa riƙe yaron shago har abada? Al'adar kasuwar nan ita ce yaro ya yi wa maigida hidima, lokaci ya yi a sallame shi da jari, ya buɗe nasa, ya riƙa cewa "ni yaron Alhaji wane ne" har ya tsufa. Kusan kowane ɗayanku haka ya taso. Abin alfaharin attajiri a garin nan shi ne yawan mutanen da ya tsayar da ƙafarsu. To wanda ya zama ma'aikacin jinya ko akanta ta dalilinku, shi ma ku kuka tsayar da shi, kuma ranar da kuka je asibiti ko banki za ku gane amfaninsa.

Waɗanda suka zauna kuwa, ku ne farkon masu cin moriya. Kasuwar yau ba ta shekara talatin da suka wuce ba ce. Kaya daga Chana da Dubai suke zuwa da takardu cikin Turanci, ga takardun kwastan, ga na haraji, ga na banki. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ciniki ya koma taransfa da POS, kuma ba shagon da bai ji labarin alat na bogi ba. Yaron da zai karanta saƙon banki ya bambance na gaske da na ƙarya, ya rubuta littafin bashi yadda ko ba ya nan wani zai gane, ya duba takardar kaya ya ga an ƙara sifili, wannan yaron ya fi kyamarar tsaro amfani a shago. Kuma ina shaida muku cewa yaran kasuwa sun fi kowa saurin kama lissafi. Wanda zai faɗa maka kuɗin yadi goma sha bakwai da rabi kafin ka ciro kalkuleta, matsalarsa ɗaya ce, ya ga an rubuta harafi a wurin lamba sai gabansa ya faɗi. Ranar da na ce musu harafin nan kuɗin yadi ɗaya ne da mai shago ya ƙi faɗa, mu nemo shi, ajin gaba ɗaya ya ɗauki dariya, daga ranar kuma aljabara ta daina ba su tsoro. Ilimin yana nan a kansu, a wurinku suka samo shi, mu rubuta shi kawai muke koya musu.

Har ila yau kada ku manta, tsarin mulkin 1999 ya sa ilimin matakin sakandare ko makamancinsa a cikin sharuɗɗan tsayawa takarar majalisa, gwamna da shugaban ƙasa. Kullum kuna kukan ba ku da wakilai da suka san ciwon kasuwa. Ga su nan a kan bencinmu.

Saboda haka ina da roƙo na biyu, wanda ba ya cin ko kwabo. Duk ɗalibin da aka kira ya karɓi kyauta, a kira maigidansa ya tsaya kusa da shi, a faɗi sunansa a lasifika, a ce wannan shi ne ya riƙa sakin yaronsa da wuri. Yabon gwani ya zama dole, kuma a nan gwanayen biyu ne. Na san halin kasuwa: idan aka yabi Alhaji na layin gaba a bainar jama'a, baɗi na layin baya ba zai yarda a bar shi ba. Wannan gasar ita nake so ta kama. Awa ɗaya da maigida zai sarayar da yamma ta fi duk wata kyauta da za a raba, domin ɗalibin da ya iso aji ana saura minti ashirin a tashi, ko wane irin malami ne ba abin da zai iya yi masa.

Sai maganar mata, kuma a nan ba da shugabannin kasuwa nake magana ba, da mazaje da iyaye nake, duk da dai mutanen ɗaya ne. Sau da yawa idan aka haɗa sakamako, mace ce a sama. Zawarawa, matan aure, masu goyo. Akwai wadda nake gani tana rubutu da hannun dama, hagu na jijjiga jariri a cinya, ba ta taɓa ce mini a dakata mata ba. Irin waɗannan ba su da ƙungiyar kasuwa da za ta ce nata ne, alhali kayan da suke sarowa su sayar a cikin gida daga wurinku suke fitowa, dillalan atamfa da masu ɗinki da masu turare duk abokan cinikinku ne. A ware musu kason da bai gaza na maza ba. Wadda ba ta son fitowa tsakiyar kasuwa, ko mijinta bai so ba, a yi musu nasu zaman a makaranta ko a ɗakin taro, matanku su je su miƙa. Mijin da ya bar matarsa ta koma karatu, wani har shi ke kai ta ya ɗauko ta, shi ma a ambaci sunansa. Muna kukan ƙarancin mata ma'aikatan jinya da ungozomomi a asibitocinmu, ba ma son namiji ya duba iyalinmu, to daga ina za su fito in ba daga irin waɗannan azuzuwan ba?

Akwai abubuwan da nake roƙon a kauce musu. Na halarci tarukan rabon kyauta da aka sa ƙarfe goma, babban baƙo ya iso bayan Azahar, aka yi jawabi bakwai, maroƙa suka cika wuri, sannan a minti goman ƙarshe aka karanto sunayen ɗalibai a gurguje ana naɗe tabarmi. Mutumin da ya bar nemansa na yini ya zo, kada a yi masa haka. Awa ɗaya ta isa. Kada a bari ɗan siyasa ya mayar da taron wurin ɗaga hannu da liƙa fosta, wanda yake son ya taimaka ya biya fom goma ya zauna a cikin jama'a. Kada a sa su jera kamar 'yan firamare ana ce musu su durƙusa a ɗauki hoto, magidanta ne, wasu sun aurar da 'ya'ya. Kada kuma mai jawabi ya tashi yana ba da labarin talaucinsu don a tausaya. Ba sadaka suka zo karɓa ba, abin da suka ci da guminsu ne. Kuma a tambayi kowa kafin a kira sunansa ko a sa hotonsa a Facebook, domin akwai wanda ko abokan sana'arsa bai gaya wa yana zuwa makaranta ba, ya fi son sai sakamako ya fito. Irin wannan a biya masa a rufa masa asiri.

Wajen zaɓe, ra'ayina a tsaya a kan maki. Na ji masu cewa tunda duk sun sha wahala a ba kowa wani abu don kada ran wani ya ɓaci. Ban yarda ba. Babba ya san bambancin kyauta da lallashi, kuma idan kowa zakara ne to ba zakara. A fitar da na ɗaya zuwa na uku a jimla, da gwanin Turanci da gwanin lissafi, tunda su ne darussan da ke kayar da mutane. Abin da zan yarda a ƙara ɗaya ne: wanda bai yi fashi ba, domin a makarantar dare zuwa kullum shi kansa jarrabawa ce, rajistar kiran suna kuma ba ta ƙarya. Don kada malamai mu zaɓi 'yan gaban goshinmu, ko wata makaranta ta kumbura makin ɗalibanta, a yi wa waɗanda makarantu suka turo gwaji ɗaya a rana ɗaya. Jami'ar Bayero tana da sashe guda na nazarin ilimin manya, Hukumar Ilimin Manya ta jiha kuma aikinta ke nan. Ku nemi su tsara gwajin su kuma tantance makarantun da za su shiga, ku kuma ku riƙe kuɗinku da kanku.

Tantancewar nan tana da muhimmanci saboda wani dalili da ba na jin daɗin faɗa. Akwai wuraren da suka rataya allon makarantar dare alhali ba karatu ake yi ba, kuɗi ake karɓa a rubuta wa mutum amsa ranar jarrabawa. Ɗalibaina sun san su, ana zuwa har ƙofar aji ana yi musu tallar "tabbas". Mutumin da ya ga wannan gajeriyar hanya ya ƙi bi, ya zaɓi ya zauna yana fama da barci a kan benci, shi nake so ku nuna wa duniya. Ku da kuka san illar jabun kaya a kasuwa ba sai na yi muku dogon bayani a kan jabun takarda ba. Kuma yanzu da WAEC ta fara yi wa 'yan waje jarrabawa a kwamfuta tun 2024, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba yana buƙatar a zaunar da shi ya saba kafin ranar. Iyayenmu na Farm Centre, masu kasuwar waya da kwamfuta, wannan ɓangaren naku ne.

Game da lokaci, ranar 8 ga Satumba ita ce Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, kuma za ta yi kyau a kalanda. Amma ni ban damu da kyan rana ba, na fi damuwa da ranar rufe rajista. A duba jadawalin hukumomin jarrabawa na shekarar, a sa taron makonni kafin a rufe, yadda za a biya ba tare da tara ba, ɗalibi kuma ya samu natsuwar yin bita yana sane da cewa sunansa ya shiga. Gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, kuma ina ganin duk kasuwar da ta zo da irin wannan shiri za ta samu masu saurarenta a ma'aikatar ilimi.

Ba sai an jira dukkan kasuwanni sun haɗu ba, don na san yadda zaman haɗin gwiwa ke cin shekara. Layi ɗaya a Kwari zai iya farawa da mutum biyar. Abin da ake buƙata a zamanku na gaba shi ne sakatare ya zaga shaguna ya rubuto sunayen yaran da ke zuwa makarantar dare da makarantun da suke zuwa. Mu malamai a shirye muke mu kawo rajistar kiran suna da takardun sakamako duk ranar da kuka neme mu, in dai bayan Azahar ne, kafin lokacin shiga aji.

Allah ya ƙara arziki, ya sa ku gama lafiya. Wassalam.

Naku,
Wani malamin makarantar dare a birnin Kano